Yashi a tankin kifi na gilashi: zai iya tace ruwa shi kaɗai?

MaiTanki90:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata kan shimfiɗar ƙasan tanki ce. Tankin gilashi ne, tsawo santimita 90, faɗi 40, tsayi 45, yana cin ruwa kusan lita 140. Yanzu tsakuwa ce a ciki, da matatar soso ɗaya da famfon iska ke turawa, da wata ƙaramar matata mai farfela da ke rataye a jikin gilashi. Kifayen ƙanana ne: guppy goma sha biyu, Corydoras shida (ƙananan kifaye masu gashin baki), da ɗan kurungu guda. Ina so in kwashe tsakuwar in zuba yashi saboda masu gashin bakin nan da ke yawan tonon ƙasa.

Maganganu biyu nake ji, kuma sun saɓa wa juna. Wasu na cewa yashi ya fi tsakuwa riƙe bakteriya masu cin amoniya, gubar da ke taruwa a ruwan kifi, nesa ba kusa ba, har mutum zai iya cire matata gaba ɗaya. Wasu kuma na cewa yashi yana danƙarewa, ya yi baƙi, ya saki iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta kashe kifi. Wanne ne gaskiya? Kauri nawa ya kamata a zuba? Yashin kogi ko na gini zai yi? Sannan yaya zan yi canjin ba tare da amoniya ta tashi ba? Allah ya saka da alheri.

Sarkin Ruwa:

Wa alaikumus salam, Malam. Duka maganganun biyu suna da tushe, sai dai kowacce rabinta aka kawo maka. Kada ka cire matata. Ga yadda abin yake.

Mafi yawan amoniyar da ke cikin tanki kifi ne ke fitar da ita ta wurin da yake numfashi, sauran ta fito daga kashi da ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye. A lissafin masu kiwon kifi, giram 1 na abinci mai furotin kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari yana haifar da miligiram 32 zuwa 37 na amoniya. Idan giram 1 kake ba su kullum, a lita 140 kana ƙara kusan miligiram 0.25 a kowace lita duk rana. Kwana huɗu babu mai cinye ta, ka kai miligiram 1, kifi ya fara wahala.

Masu cinye ta rukuni biyu ne. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna mai da amoniya nayitrayit, wato NO2, wadda ita ma guba ce. Na biyu suna mai da NO2 nayitret, wato NO3, mai sauƙin illa, wadda ake fitarwa da canjin ruwa. An daɗe ana ɗauka Nitrobacter ne ke yin aiki na biyu, har binciken da aka wallafa a 1998 ya nuna cewa a tankunan ruwan daɗi Nitrospira ne suka fi yawa. A 2015 kuma aka gano wasu nau'in Nitrospira da ke yin matakan biyu su kaɗai. Abin da ya shafe ka a nan shi ne halinsu ɗaya ne: ba sa yawo a cikin ruwa, suna manne wa jikin abu ne su yi wani siririn yauƙi, kuma ba sa aiki sai da iskar oksijin. Don mai da miligiram 1 na naitirojin ɗin amoniya zuwa NO3 suna cin kusan miligiram 4.6 na oksijin. Wannan ba ƙaramin ci ba ne idan ka tuna cewa lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 30 ba ta riƙe fiye da miligiram 7.6.

To ga inda masu yabon yashi suka yi gaskiya. Lita 1 ta yashi mai ƙwaya rabin milimita, idan aka haɗa faɗin jikin ƙwayoyinsa duka, yana kaiwa murabba'in mita 7. Lita 1 ta tsakuwa mai milimita 5 kuwa kusan 0.7 ne kawai. Ninki goma ke nan na wurin zama.

Abin da suka bari a baya shi ne wurin zama ba ya amfani idan abinci da iska ba sa isa gare shi. Yadda ruwa ke ratsa shimfiɗa yana raguwa sosai da ƙanƙantar ƙwaya: idan ƙwaya ta ragu sau goma, ratsawar ruwa tana raguwa kusan sau ɗari. A cikin tsakuwa ruwa yana zagawa har ƙasa. A cikin yashi kuwa kusan tsaye yake, oksijin tana shiga ne a hankali daga sama, kuma bakteriyar da ke saman suna cinye ta kafin ta yi nisa. Saboda haka sashen da ke aikin tace amoniya shi ne 'yan milimitocin sama, da ƙyar ya wuce santimita 1. Abin da ke ƙasan wannan nauyi ne kawai a kan gilashi, ko ma ya zama matsala. Ka zuba santimita 3 ko ka zuba 8, ƙarfin cin amoniya kusan ɗaya ne, domin faɗin saman ne ke ƙirguwa, ba zurfin ba.

Wani abu kuma: yawan bakteriya yana bin yawan amoniya ne, ba yawan wurin zama ba. Suna yaɗuwa inda ruwa mai oksijin ya fi gudu, wato cikin soson matata. A tankin da ke da matata mai kyau, kaso mai tsoka na aikin yana can, yashi kuma mataimaki ne. Mataimaki ne na gaske, domin ranar da ka wanke soso ko famfo ya tsaya, shi ne ke rage kaifin matsalar. Amma ba zai ɗauki kifi goma sha tara shi kaɗai ba tare da ruwa na gudu a kansa ba.

Kauri: santimita 2 zuwa 3 idan babu tsirrai masu saiwa, 4 zuwa 5 a inda za ka dasa. Lissafin saye: tsawo sau faɗi sau kauri a santimita, ka raba da 1000, ka sami lita, ka ninka da 1.5 ka sami kilo. Naka 90 sau 40 sau 3 ya ba da lita 10.8, wato kusan kilo 16. Matatunka biyu a haɗe su riƙa juya ruwan tankin sau huɗu zuwa shida a awa, kimanin lita 600 zuwa 800.

Uwar Kifi:

Sarkin Ruwa ya gama da bayanin tushe. Bari in taɓa zaɓen yashin da yadda ake canjin, don a nan ne aka fi asarar kifi.

Girman ƙwaya ya fi launi muhimmanci. Ka nemi mai milimita 0.4 zuwa 1, kuma ƙwayoyin su zama kusan girma ɗaya. Mafi dacewa shi ne yashin silika da ake zubawa a matatar wurin ninƙaya ko ta masu sarrafa ruwan leda, domin an riga an tankaɗe shi, yana da nauyin da zai koma ƙasa da sauri, kuma ba ya sauya ruwa. Rairayi mai laushi kamar gari shi ne mafi haɗari: ƙananan ƙwayoyi suna cike gurbin da ke tsakanin manya, shimfiɗar ta danƙare, ruwa ya daina shiga kwata-kwata. Yashin gini kala-kala ne. Wanda aka niƙa daga dutse yana da kaifi, yana cinye gashin bakin Corydoras da na kurungu. Ka murza ɗan kaɗan tsakanin yatsu. Idan yana karce fata, bar shi. Wanda aka jibge kusa da siminti ma kada ya shiga tanki, zai ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da ke hawa idan tsami ya ragu, sama sosai.

Yashin kogi yana yi, ƙwayoyinsa a goge suke, amma da sharaɗi. Kada a ɗebo a ƙasan gonakin da ake feshi, ko inda kwata da ruwan marina ke zuba. Sannan a kula da katantanwa. A koguna da madatsun ruwa da yawa na ƙasar Hausa akwai ƙananan katantanwa irin su Bulinus masu ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma suna iya laɓewa cikin busasshiyar ƙasa su rayu. Shanyawa a rana kaɗai ba ta isa ba. A tankaɗe da rariya mai manyan idanu a fitar da tsakuwa da ɓawo, a sake tankaɗewa da mai ƙananan idanu a zubar da garin, sannan a tafasa yashin a tukunya minti 15 zuwa 20.

Kafin wanki, gwada shi. Zuba cokali ɗaya na busasshen yashi a faranti, ka ɗiga ruwan khal ko ruwan lemon tsami. Idan ya yi kumfa, akwai farar ƙasa ko garin ɓawon katantanwa a ciki, kuma zai riƙa narkewa yana ɗaga pH zuwa wajen 8. Wannan alheri ne ga kifayen tafkin Malawi da Tanganyika, guppy ma ba zai damu ba, amma Corydoras sun fi son ruwa mai laushi. Kuma amoniya tana ƙara zama guba idan pH ya hau: a digiri 25, a pH 7 kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ke cikin siffar da ke kisa, a pH 8 ya wuce kashi 5.

Wanki: kashi ɗaya cikin uku na bokiti a lokaci guda, kada ka cika. Tura tiyo har ƙasan bokitin, ruwa ya riƙa ambaliya yana fita da ƙura, kana juyawa da hannu. Ka daina idan ka juya da ƙarfi ruwan ya washe cikin daƙiƙa 30. Ba sabulu, ba omo. Yashin kogi yana iya cin zubi goma ko fiye.

Ranar canji, kada ka wanke ko ɗaya daga cikin matatun, haka ma mako biyu kafin nan da mako biyu bayan nan. Tsohuwar tsakuwarka tana ɗauke da bakteriya masu yawa, za ka rasa su, don haka matatun ne za su riƙe tankin. Ka daina ba kifi abinci kwana ɗaya kafin aikin. Ɗebi ruwan tankin daga sama, mai tsabta, a babbar roba, ka sa kifin da matatar soso a ciki tana aiki, ka rufe don kurungu yana tsalle. Kayan cikin ɗaya matatar su ma su zauna a jiƙe cikin wannan ruwan. Kwashe tsakuwa, zuƙe dattin da ya kwanta. Manyan duwatsu ka ajiye su a kan gilashin kai tsaye kafin ka zuba yashi, domin kifi mai tono zai iya kwashe yashin ƙarƙashinsu su kife. Zuba yashin, ɗora faranti a kai, ka riƙa zuba ruwa a kan farantin. Sabon ruwan famfo sai an kashe kulorin ɗinsa da maganin da ake sayarwa don haka, ko a bar shi a buɗe da dutsen iska kwana ɗaya zuwa biyu. Kulorin yana kashe bakteriyar nan kamar yadda yake kashe na cuta.

Kada ka zubar da tsakuwar duka. Cika jakar raga biyu ko tsohuwar safa da ta saman, ba tare da ka wanke ba, ka ajiye su a kan yashin kusa da inda ruwa ke gudu, mako uku zuwa huɗu. Cire ɗaya, ka jira mako guda, ka cire ɗayar. A makonni biyun farko ka ba da rabin abincin da ka saba, ka gwada amoniya da NO2 kullum da kayan gwaji na ɗigo. Duk wanda ya kai miligiram 0.5 a lita, canza kashi 30 zuwa 50 na ruwa a ranar. Idan NO2 ce ta tashi, gishirin girki giram 2 a kowace lita 100 ga kowane miligiram 1 na NO2 a lita yana hana ta shiga jinin kifi. Wannan ɗan adadin ba ya cutar da masu gashin baki. Cika hannu da gishiri shi ne ke cutar da su.

MaiTanki90:

Na gode Sarkin Ruwa, na gode Hajiya, Allah ya ƙara basira. Saura abu biyu. Na ga ana maganar zuba yashi mai zurfi sosai don ya cinye NO3 ɗin ma, mutum ya huta da canjin ruwa. Na kuma ga wata matata kamar bututu da yashi ke tafasa a cikinta. Shin ɗaya daga cikinsu zai dace da tanki irin nawa, ganin yadda ake ɗauke mana wuta awanni da yawa?

Injiniya:

Malam, amsa a taƙaice: duka biyun suna aiki a inda aka yi su dominsa, amma ba su dace da tankinka ba, kuma ɗauke wutar da ka ambata ita ce babbar hujja a kan na biyun.

Fara da mai zurfi. A ƙarƙashin sashen da oksijin ke isa akwai wani sashe da take ƙaranci sosai. A nan wasu bakteriya dabam suna amfani da NO3 a madadinta, su mai da ita iskar naitirojin ta fice sama. Wannan gaskiya ne, kuma masu tankunan ruwan teku sun gina tsari a kansa: shimfiɗa mai santimita 10 zuwa 15, wadda ta yaɗu a shekarun 1990, da kuma tsarin Jean Jaubert na gidan kifin Monako mai barin fili a ƙarƙashin yashin. Amma a tankin ruwan teku yashin cike yake da tsutsotsi da ƙananan halittu masu tona shi dare da rana, suna kai ruwa ciki a hankali. A ƙaramin tankin ruwan daɗi babu wannan rundunar. NO3 tana shiga yashin ne da jan ƙafa, adadin da ake cinyewa bai kai wanda ake samarwa daga abinci ba, sai mutum ya ga lambar tana hawa duk da zurfin.

Idan aka ƙara nitsawa, inda NO3 ma ta ƙare, sai wani rukuni ya karɓa, masu amfani da sinadarin salfet, su ne ke samar da iskar haidirojin salfayid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Tana haɗuwa da ƙarfen da ke cikin yashi ya zama baƙi, shi ne tabon da ake gani ta jikin gilashi. Iskar guba ce ƙwarai ga kifi, kuma ta fi illa idan pH yana ƙasa da 7. Sai dai kada a tsorata fiye da kima: ɗan abin da ke fitowa a hankali yana lalacewa da zarar ya haɗu da sashen mai oksijin. Haɗarin yana zuwa ne idan abu uku suka haɗu: yashi mai laushi da zurfi, datti mai yawa da ya binne a ciki, sannan a zo a tone shi gaba ɗaya a lokaci guda da kifi a ciki. Ba ma iskar kaɗai ba, ruɓaɓɓen dattin da ya taso yana shanye oksijin ɗin ruwan nan take. Wuraren da aka fi samun baƙin su ne ƙarƙashin faffaɗan dutse, gindin itace, da inda saiwar mataccen tsiro ta ruɓe. Idan ka gan shi, kashe matata mai farfela, tura tiyo kai tsaye cikin wurin ka zuƙe yashin da ruwan zuwa bokiti, ɓangare ɗaya a rana, ka ƙara iska.

Matatar bututun kuwa ita ce hanyar da ake cin moriyar yashi duka. Famfo yana tura ruwa daga ƙasan bututun da ƙarfin da zai ɗaga yashin ya riƙa shawagi, tsayinsa ya ƙaru da rabi ko ya ninka. Kowace ƙwaya tana samun ruwa ta ko'ina, sai murabba'in mita 7 ɗin nan na kowace lita ya shiga aiki gaba ɗaya. Shi ya sa manyan gonakin kifi masu sake juya ruwa suke amfani da ita. Tana buƙatar soso a gaba don datti kada ya shiga, da bawul mai hana ruwa komawa baya don yashi kada ya gangara cikin famfo, da makunnin daidaita gudu: ya yi yawa yashi ya fice cikin tanki, ya yi kaɗan ruwa ya huda hanya ɗaya ya bar sauran a kwance. Ruwan da ke fita daga cikinta oksijin ɗinsa ya ragu, don haka a saman tanki ake mai da shi ya fantsama.

Rauninta shi ne tsayawa. Da wuta ta ɗauke, yashin ya kwanta ya matse, bakteriya masu ɗimbin yawa a wuri ƙarami su shanye sauran oksijin cikin ɗan lokaci. Bayan awanni, abin da zai fito idan wuta ta dawo gurɓataccen ruwa ne, wani lokaci ma famfon ya kasa sake ɗaga yashin. In babu inbata ko sola mai riƙe ta ba yankewa, a bar ta. Kifi goma sha tara ƙanana ma ba su kai ga buƙatarta ba.

Abin da ya fi maka amfani shi ne famfon iska mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da kansa idan wuta ta tafi. Wat 2 zuwa 5 kawai yake ci. Haɗa shi da matatar soso. Kumfar tana motsa ruwan, soso yana aiki, saman yashin ma yana samun oksijin. Matatar farfela idan ta tsaya fiye da awa huɗu ko biyar, musamman da bazara, ciro kayan cikinta ka jefa su cikin tankin kusa da kumfa, ka zubar da ruwan da ya kwana a cikinta kafin ka kunna. Ranar da wuta ta daɗe ba ta zo ba, kada ka ba da abinci.

Mai Tsirrai:

Ina tare da Injiniya, sai dai zan ɗan sassauta maganar zurfi ga mai dasa tsirrai. Saiwar Vallisneria da Cryptocoryne da Echinodorus tana fitar da oksijin cikin yashin da ke kewaye da ita, shi ya sa za ka ga gefen saiwa mai rai fari tas ko da santimita 5 ne. Tsirran kuma suna shan amoniya kai tsaye, sun ma fi son ta a kan NO3. Matsalar ita ce yashin silika ba shi da abinci ko kaɗan, sai an tura ƙwayar taki ta musamman ƙarƙashin saiwa, har kusa da gilashi, duk wata biyu zuwa uku. Idan ta fito fili za ta narke cikin ruwa gansakuka ta mamaye. Anubias, wanda asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne har da kudancin Najeriya da Kamaru, ba a binne kaurin gindinsa cikin yashi, ruɓewa yake. A ɗaure shi a jikin dutse ko itace.

Akwai wani abu da ba a ambata ba, kuma yana sa a ɗora wa yashi laifin da ba nasa ba. Bakteriyar nan suna cin sinadarin kabonet na ruwa yayin aikinsu, kusan miligiram 7 ga kowane miligiram 1 na naitirojin. Yashin silika ba ya mayar da shi. Idan tsohuwar tsakuwarka tana da farar ƙasa a ciki, ita ke riƙe maka pH ba ka sani ba. Ka cire ta, ruwan rijiyarka kuma mai laushi ne, sai pH ya riƙa gangarowa. Ƙasa da 6.5 aikinsu yana raguwa, wajen 6 ya kusa tsayawa, amoniya ta taru a ɓoye domin a wannan pH ba ta da kaifi. Ranar da ka yi babban canjin ruwa pH ya hau, sai ta koma guba. Don haka ka gwada KH, wato ma'aunin yawan kabonet, na ruwan da kake zubawa. In bai kai digiri 3 ba, sa cokali biyu ko uku na dakakken ɓawon katantanwa ko na ƙwai da aka tafasa cikin raga a matata, ka riƙa duba pH duk mako.

Kula ta mako-mako ta bambanta da ta tsakuwa. Datti ba ya nitsewa cikin yashi, a sama yake zama, kana ganinsa. Riƙe bakin tiyo santimita 1 zuwa 2 sama da yashin, kana ɗan kaɗa shi, dattin ya taso ya shige, yashin ya faɗa. Canza kashi 25 zuwa 30 na ruwa, ka riƙe NO3 ƙasa da miligiram 40 a lita. Soso a matse shi cikin ruwan tankin da ka zuƙe, ba a ƙarƙashin famfo ba. Bakin da matatar farfela ke jan ruwa ya yi nisan santimita 8 zuwa 10 daga yashin, ka sa masa hular soso, domin ƙwaya ɗaya in ta shiga tsakanin farfela da sandarta sai ta fara ƙara tana cinye su. Haka in kana goge gilashi da maganaɗisu, tsaya kafin ka kai ƙasa, ƙwayar da ta maƙale tana zana gilashi, kuma zanen ba ya gyaruwa.

Launin ƙasa-ƙasa da zai rufe sabon yashi a makonnin farko wata ƙaramar gansakuka ce da aka saba gani a sabon tanki, tana raguwa da kanta. Wadda za ka damu da ita ita ce kore mai duhu, mai yauƙi da warin laka, mai ɗagowa kamar fata. Tana nuna ruwa ba ya gudu a wurin. Zuƙe ta, ka juya bakin matata ya riƙa share saman yashin.

Sarkin Ruwa:

Ƙari ɗaya kan juya yashi, tunda ana yawan cewa a riƙa tona shi duk mako. A santimita 2 zuwa 3, Corydoras shida da kurungu sun isa wannan aikin. Abin da ya rage maka shi ne kusurwoyi da gefen duwatsu da ba sa kaiwa: ja yatsa ko tsinke a ciki lokacin canjin ruwa, matatar farfela a kashe, ka jira minti goma kafin ka kunna. Kada ka kife shimfiɗar duka, domin za ka binne sashen saman da bakteriya suka zauna, ka fito da na ƙasa da babu masu cin amoniya a ciki. Inda ka dasa tsirrai kuma kada ka taɓa.

Sabon yashin zai ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya kama aiki sosai, a zafin digiri 25 zuwa 30. Alamar da za ka bi ita ce gwaji: bayan ka cire jakar tsakuwa ta biyu ka koma cikakken abinci, amoniya da NO2 su nuna sifili kwana bakwai a jere. Sai bayan nan za ka wanke matata, ɗaya a mako, ko ka ƙara sabon kifi, shi ma uku ko huɗu a lokaci guda.